Notin Injin Matsar Rake

Maigidana da ya koya mini aikin ƙarfe a Makarfi yana da ƙa'ida ɗaya da ya ishe mu da ita. In za ka huda ƙarfe ka yanka masa haƙora don noti ya shiga kai tsaye, to zurfin da notin zai shiga kada ya gaza kaurinsa. Yakan sa mu ƙirga gewayen notin da baki. Ni kuwa a lokacin gani nake tsufa ne ke damunsa.

Shekarar da na buɗe rumfata, yayana ya kawo mini farantin ƙarfen da ke tare hannu a bakin injinsa na matsar rake. Ya tsage. Ga rake an sare jibge a gonarsa ta wajen Kudan, yana shan rana.

Ƙarfe mai kauri sai Zariya, ni ko ƙiwa ta hana ni zuwa. Na ɗauko wani siriri a bayan rumfa, na huda, na yanka haƙora. Da na ɗaura notin, gewaye uku ya yi ya tsaya. Uku kacal! Na ƙara matse shi da sifana don ya kama, sai na ji ya yi laushi a hannuna. Duk makaniki ya san wannan laushin, haƙora ne suka fara cinyewa. Amma na naɗa masa leda, na mayar.

"Ya yi?" in ji yayana.

"Ya yi, Yaya. Ko jikanka zai gaje shi."

Kwana biyu ina rumfa ina aiki, hankalina na Kudan. Na san yadda yake tura rake: ya jingina tafin hannunsa na dama a kan farantin nan, ya danna da nauyinsa, injin na jijjiga. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai na ɗaga kai. Na sha cewa gobe zan je in canza. Kaico, me ya hana ni hawa babur tun ranar?

A rana ta uku, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Matarsa ce. Notin ya saki.

Har yau yana kawo mini mazarƙwaila duk kaka. Ya ce wa kowa tsautsayi ne, bai taɓa tambayata komai ba. In mun gaisa, hannun hagu yake miƙo mini.