Ranar da Aka Ƙara Wa Kawu Tambaya

Shekarar da na gama jami'a a Madina aka yi mini tayin koyar da yara karatu a wani ƙaramin masallaci a ƙasar Finland. Na amsa, amma raina bai kwanta ba, domin Kawu, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni a gidansa na unguwar Ƙurban a Madina, yana kwance.

Wani ɗalibi ɗan Finland, wanda ya musulunta, shi ke koya mini harshensu bayan la'asar. In ban manta ba, a makon muna kan kalmomin sauƙi ne. Helppo, abu mai sauƙi. Yksinkertainen, abin da ba shi da sarƙaƙiya. Wannan har yau ban tabbata ina faɗinta daidai ba. Helpottaa, ciwo ya lafa. Nakan maimaita su a hanya, don tsoron kada in je can in zama kurma.

Kullum na shiga ɗaki nakan ce, "Kawu, ya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka majinyaci ke amsawa a wurinmu, kuma ba a ƙara tambaya. Da wannan amsar nake lallashin zuciyata ina haɗa kaya.

Wata rana abokin nawa ya biyo ni dubiya. Ya tambaye ni me Kawu ya ce, na fassara masa da helpottaa, kalmar da ya koya mini, har ina ɗan jin daɗi. Sai ya dubi ƙafafun Kawu da suka kumbura, ya ce da Larabci, "Ya ammi, ina ke maka ciwo? Kana samun barci?"

Kunya ta rufe ni. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce mini, "Baturen nan naka likita ne ko ɗan sanda?" Sannan ya amsa masa. Ya ce numfashi ke gagararsa in ya kwanta, ya daɗe ba ya barci sai a zaune. Ya juyo gare ni. "Ɗan nan, ban ce ka fasa tafiyar ba. So dai nake in san wanda zai kama makarata zuwa maƙabartar Baƙi'a."

Na roƙi mutanen masallacin su ɗaga mini tafiyar. Ba su iya jira ba, suka ɗauki wani, kuma ina jin ba su yi laifi ba. Kawu ya rasu kafin aikin Hajjin shekarar. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi.