Ɗan Mutumin Gada da Goruba Uku

A babban hutun da na gama aji biyar na firamare, Yaya Nafi'u, ɗan ƙanin Babana, ya zo mana Birnin Gwari daga Kaduna da wani tsohon gem naɗe cikin zanin uwarsa. Ɗan akwati ne mai launin toka, ana cusa masa kaset ta sama a haɗa shi da talabijin. Ya girmi Nafi'u kansa. Abin latsawar, wanda muke kira hannu, guda biyu ne, amma ɗaya ya daɗe da lalacewa. Nafi'u yana da wasanni a waya, sai dai ya ce duk shirme ne, na da su ne wasa. Katun ma tsofaffi yake kallo, waɗanda zanensu ke rawa, ya haddace muryoyinsu har yakan amsa sallama da su, Umma ta jefe shi da mafici.

Aka ajiye gem ɗin a ɗakin Baba, inda talabijin take da batirin sola. Kafin a ce me, yaran unguwa sun gano. Iliya ɗan maƙwabtanmu, ko ranar Lahadi, daga coci sai gidanmu, bai ma cire takalmin fita ba. Hannu ɗaya, yara cike da ɗaki. Ni aikina hura kaset. Idan hoton ya rikice, Nafi'u ya zaro shi ya miƙo mini.

"Rukayya, zo ki hura, bakinki da sa'a."

In hura, hoto ya dawo, a manta da ni. Sai in koma kan buhun masarar da ke bakin ƙofa in zauna.

A wasan akwai wani ɗan mutum mai ƙaton kai da jan ƙyalle a wuya. Gudu yake, yana tsallake ramuka, rayukansa uku an jera su a saman talabijin. Akwai wata gada ta gungume a kan kogi, kuma a nan kowa yake ƙarewa. Da ka hau, wani ƙaton kifi zai yi tsalle ya haɗiye ka. Nafi'u ya ce sai da gudu. Iliya ya ce sai da tsalle biyu a jere. Duk kifi ya cinye su.

Ni kuwa na lura da wani abu. Kafin kifin ya fito, kiɗan yakan ɗan lafa, sai a ji wani siririn sauti, kamar ɗigon ruwa a cikin bokiti. In ka tsaya a bakin gada ka jira sautin, ka bar kifin ya tashi ya faɗa, hanya ta buɗe. Su ba sa ji, don da an zo gadar suke fara ihu. Ban gaya wa kowa ba. Ba rowa ba ce. So nake in haye da hannuna, a waiga a ga ni ce. Na buɗe baki in roƙa ba sau ɗaya ba, amma ni irin yaran nan ce da magana ke maƙale musu a wuya idan ido ya yi yawa. Sai a jajibirin tafiyar Nafi'u Umma ta leƙo ta gan ni a kan buhu.

"Kai Nafi'u, ba ka jin kunya? Hutu ya ƙare yarinyar nan ba ta taɓa abin nan ba."

"To, Umma. Iliya na gama rayukansa, ita ce."

Nan take na sauko daga kan buhun na matsa kusa da Iliya.

A ranar kuma har la'asar ta wuce Baba bai dawo ba. Direba ne, yana kai buhunan hatsi Kaduna, kuma hanyar ta cikin daji take bi. Kowa a garinmu ya san abin da ake nufi idan la'asar ta wuce mota ba ta shigo ba. An kira wayarsa ba ta shiga. Iya, mahaifiyarsa, wadda sunanta aka sa mini, ta ja tabarma kusa da zaure ta zauna da carbi. Na ga an ajiye mata fura ba ta buɗe ba. Na gani sarai, amma hankalina yana kan yatsun Iliya.

Rai ɗaya ya rage masa. Ya iso gada, na ji ɗigon ruwan, shi bai ji ba, ya afka. Kifi ya tashi. Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya.

"Ya mutu! Wallahi ya mutu! Shi ke nan!"

Nafi'u ya karɓe hannun ya ɗora mini a tafin hannuna. Da ɗumi, da gumin Iliya a jikinsa. Ban kai ga latsa komai ba na ji ƙarar kwano a tsakar gida. Sai ga Iya a bakin ƙofa, ɗankwali ya zame, takalmi ƙafa ɗaya, tana dafe da bango.

"Wa? Wa ya kawo labarin?"

Can Iliya ya ɗaga yatsa ya nuna talabijin. Iya ta daɗe tana kallon ɗan mutumin, ya dawo farkon hanya yana rawa kamar ba abin da ya faru. Ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuya ta zare wayoyin, ta tattara akwatin a bakin zaninta. Da ta zo kan hannun na riƙe. Ta ja, na ƙara riƙewa.

"Saki, Takwara."

Na saki.

Ana kiran magariba Baba ya shigo, laka har gwiwa. Mota ce ta kafe, wayar kuma caji ya ƙare. Ya ci tuwo yana ba da labari yana dariya. Gem dai yana ƙarƙashin gadon Iya.

Da damina, bayan an ci tuwo, Iya takan zauna a rumfar girki ta gasa mana ɗanyar masara a garwashin da ya rage, ta yi mana tatsuniya. Kullum ni ce ta farko a gefenta, don ina son yadda take juya masara da yatsu ba ta ƙonewa, da yadda wuta ke haska rabin fuskarta. A daren nan kuwa can baya na zauna, na jingina da ginshiƙin rumfa. Ana yayyafi. Ta buga muciya a ƙasa, yadda takan fara.

"Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?"

Yara suka ce, "Mu ne." Ni ban ce ba.

Ta ce an yi wani saurayi, shi kaɗai ne wurin uwarsa. Wata rana a daji ya tarar da kunkuru a kife, ya birkito shi. Kunkuru ya ba shi goruba uku, ya ce kowace ɗaya rai ce. In ajali ya same shi, zai farka a gindin tsamiyar bayan gari, goruba ɗaya ta ɓace. Tun daga ranar saurayi ya daina tsoron komai. Ya je ya ja wutsiyar ɓauna, ta tattake shi. Mafarauta suka tsinci hularsa suka kai wa uwar. Ta yi kuka har gashinta ya yi fari. Ana cikin zaman makoki sai ga shi yana fito, yana tambaya ko an dama fura. Bayan nan kogi ya kawo, samari suka ce ba mai iya hayewa, ya faɗa, ruwa ya tafi da shi. Aka kawo wa uwar takalminsa. Ta yi kuka har idonta ya daina gani. Ya sake shigowa yana dariya, ya ce ai wanka ya yi. Na uku, ya hau ƙololuwar rimi ɗebo zuma, reshe ya karye. Aka kawo jakarsa. Wannan karon uwar ba ta yi kuka ba, ta karɓa ta shiga ɗaki.

Iya ta juya masara, ta bar mu muna jira.

Ta ce saurayi ya farka a gindin tsamiya, ya karkaɗe riga, ya nufi gida. Ya tarar da tabarmi a ƙofa, mutane zaune. Ya ce, "Kai, ku ba kwa gajiya? Ku tashi, ga ni." Wani tsoho ya ɗaga kai ya ce, "Zauna, yaro. Wannan zaman ba naka ba ne."

"Shi rai uku aka ƙara masa," in ji Iya. "Uwarsa zuciya ɗaya gare ta, kuma ba wanda ya ba ta goruba."

Nafi'u ya ce, "To Iya, ai da ya ba ta guda."

"Da yana da wayonka, mijin banza, da ba a yi tatsuniyar ba. Ungo, ci."

Aka yi dariya. Ta karkaɗe hannu ta ce ta sauke ta a nan, mai kunne ya ɗauka. Ni kuma na ɗago daga jikin ginshiƙin.

"Iya, ni ban yi ihu ba."

Duk suka juyo. Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba.

"Ni ban taɓa ba ko sau ɗaya. Su suka yi ihu, ni aka ƙwace wa. Kuma da an bar ni, ni ba zan mutu a gadar ba."

"Ke!" Umma ta daka mini tsawa daga ɗaki. "Wace irin magana ce wannan a bakinki?"

Iya ta ɗaga mata hannu. Ta dube ni, ta zaɓi masara mai laushi ta miƙo.

"Da safe, Takwara. In Allah ya kai mu, ke za ki fara."

Na karɓi masarar, ban ci ba.

Ta cika alkawari. Gari na wayewa ta fito da akwatin da kanta ta ajiye a ɗakin Baba. Amma hadari ya rufe sama tun jiya, wayoyin gida duk sun kwana a jikin batirin sola, har da ta Baba, sun shanye cajin. Nafi'u ya haɗa komai, na hura kaset, talabijin ta ƙyafta ta ɗauke. Muka sake, haka. Motocin Kaduna kuma tare suke tashi da sassafe, ba mai yarda a bar shi a baya ya bi dajin shi kaɗai. Baba, wanda zai tafi da Nafi'u, yana ƙofar gida yana danna hon.

"Sai wani hutun," in ji Nafi'u.

Yana ɗaure jaka ina riƙe da hannun, wayar hannun na reto, ina latsawa. Gudu, tsaya, jira, haye. Ya zo ya zare shi daga hannuna a hankali. Wani hutun bai zo ba, hanya ta ƙara lalacewa, uwarsa ta hana. Daga baya ya aiko cewa wuta ta ƙona akwatin.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. In Iya ta buga muciya sai in tuna da aikin gida. A ganina an yi rashin adalci, kuma har yau da nake aji shida na sakandare ban sauya ra'ayi ba: wadda ba ta buɗe baki ba ita ta biya. Sai dai a shekarun nan na zama mai sauraren ƙarar mota. Na san ta Baba tun daga kwanar masallaci, na san yadda la'asar ke yin tsawo idan ba a ji ta ba. Ranar da wani yaro ya ruga ta ƙofar gidanmu yana kiran sunan Baba, ashe saƙon taki ya kawo, na fito a guje ban tsaya neman takalmi ba. A nan na gane abin da ya fito da Iya da takalmi ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Tatsuniyar gaskiya ce, kuma gaskiyarta ba ta mayar mini da komai ba.

A zangon da ya wuce, Murna, wadda muke zama benci ɗaya, ta zo gidanmu da wayar yayanta cike da tsofaffin wasanni. Ita ma irin Nafi'u ce, jakarta duk hotunan katun. Ina dubawa sai ga ƙaton kai da jan ƙyalle. Na kai wayar kusa da kunne, na iso gada, na tsaya. Ɗigon ruwan ya zo daidai inda na bar shi. Kifi ya tashi ya faɗa, na haye. Ba wanda ya waiga. Murna tana cin gyaɗa. A bayan gadar kuma ba komai sai wata hanyar da wasu ramukan.

Na ɗauki wayar na kai wa Iya. Idonta ya yi rauni yanzu, tana zaune tana tsince wake da laluben yatsu.

"Iya, kin tuna gadar nan? Na haye."

Ta kawo wayar dab da hancinta.

"Shi ne ɗan banzan nan? Yana nan ashe. To, an gaya wa uwarsa?"

"Ba shi da uwa, Iya. Ba gida ma a wasan. Wanda ya zana shi bai yi masa kowa ba."

Ta miƙo mini wayar, ta mayar da hannu cikin faifai.

"Shi ya sa yake tsalle haka."

Na tsaya ina jira ta ce na yi ƙoƙari, ko ta ce ranar can ba laifina ba ne. Ba ta ce ba, kuma na san ba za ta ce ba. Na koma wurin Murna na ci gaba, ina tsayawa a bakin kowane rami ina aunawa, har ta gaji ta ce in ba ta wayarta, ina wasa kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, ai don a kashe aka ba ni rayukan. Na miƙa mata da ukun a cike. Na so in yi mata bayani, maganar ta tsaya a inda ta saba tsayawa.