Mun Ce Sanyi Ne

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda duk garinmu Wurma ake kira Inna Mai Kitso. Tun ina da cikin fari a ɗakina a Dutsin-Ma, abu guda ke hana ni sukuni: hannunta. Yatsunta sun fara karkacewa, gaɓoɓin sun kumbura, in ta tashi da safe sai hantsi ya yi kafin su saki. Nakan zauna ina saƙe-saƙe, in na je wankan gida wa zai riƙe mini jinjiri a cikin ruwa? In santsin sabulu ya sa ya suɓuce mata fa?

Da na faɗa mata, dariya ta yi. "Ke dai akwai tsoro kamar farar kura. Sanyi ne. Ku bakwai na wanke da hannun nan, naki ne zai gagare ni?"

Bai gagare ta ba kuwa. Kwana arba'in tana wanke ɗiyata, tana yi mata kirari, tana ce mata mai goshin kakarta. Ranar suna har kitson shuku ta yi mini, tana cije leɓe, ta ce ba za ta bari wata ta taɓa kan autarta ba. Har gobe in na zaunar da yarinyar nan tsakanin ƙafafuna, irin tsagar Inna hannuna ke yi, ba tare da na yi tunani ba.

A kwanakin nan ne na lura silifas ɗinta ya daina shiga. Daga bakin rijiya zuwa ɗaki sai ta tsaya ta dafa bango. Bayan azahar kuma ta daina miƙewa a tabarma, sai dai ta jingina, wai in ta kwanta numfashi ke tokare ta. Na yi wa Goggo, ƙanwar babana, magana. Ta ce, "Sanyin ne ya sauko ƙafa." Da tari ya zo, ta ce ya hau ƙirji. Muka ƙara gashi da ruwan zafi, muka ƙara man shafawa da ƙwayoyin kashe ciwo da ake sayowa ranar kasuwar Kurfi. Kalma ɗaya muka ba komai, ita ta rufe mana ido.

Sai da kumburin ya kai gwiwa aka kawo ta asibiti. Likita ya riƙe yatsunta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zuciyarta ta gaji. Na ce, "Likita, mi ya haɗa yatsa da zuciya?" Ya ce wannan ba sanyin damina ba ne, ciwo ne da jiki ke yaƙar gaɓoɓinsa, kuma kumburin yakan taɓa zuciya a ɓoye. Wasu ƙwayoyin ma, in an daɗe ana sha, ruwa suke tara wa jiki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ba ta ga girbin shekarar ba, Allah ya karɓi abinsa.

Bana nawa yatsun suka fara ƙagewa da safe. Ban jira Goggo ta raɗa masu suna ba, na saɓa goyo na tafi asibiti. An ɗebi jinina, an auna zuciyata, an ɗora ni a kan magani. Na san da Inna na nan sai ta tsokane ni, ta ce autarta ta kai ƙarar ɗan yatsa wurin likita. Amma na san halinta, tana gama tsiyar za ta jawo mayafi ta raka ni. Kwana na Allah ne, ban musa ba. Ina dai so yarana su girma ina kallo.

Ni ban yi boko mai nisa ba, abin da na gani na faɗa. In akwai mai ciwon gaɓoɓi a gidanku, kuka ga ƙafa na kumbura ko tana haki daga ɗan taku kaɗan, don Allah kada ku tsaya gashi. Ku kai ta a duba zuciyarta. In kun idar da salla kuma, ku sa Inna a addu'a.