Tarwadar Ɗelu a Tafkin Kuza

Hureira 'yar Malam Abdulwahidu, ɗan Sarkin Ruwa Bawa, ɗan Umaru Mai Gura, mutuniyar Yawuri ce, daga gidan da ba a san shi da wata sana'a ba sai kamun kifi. Maza uku ta biyo wajen haihuwa, shi ya sa ake kiranta Ɗelu. Ta iso Kuala Lumpur a shekarar 2017 tare da mijinta Sha'aibu, wanda yake karatun digiri na uku. Takardar zamanta ta matar ɗalibi ce, irin wadda ba ta halatta wa mai ita yin kasuwanci ba. Duk da haka, da wuya a sami ɗalibin Nijeriya a unguwar Danau Kota da bai ci bandar tarwadarta ba, kuma da wannan banda ake rufa asirin gidan.

Ni na zo ziyarar ɗana Hadi ne a watan Janairu na 2020, bayan shekara talatin da biyar ina koyar da ilimin halittu. Wata uku na yi niyyar yi, annobar korona ta mayar da su shekara biyu.

A bayan unguwarsu ta Danau Kota akwai wani tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cike tuntuni, faɗinsa bai wuce filin ƙwallo biyu ba. Kowace shekara kwamitin unguwa yakan zuba masa ƙananan kifaye iri biyu: karfasa, da wani farin kifi mai faɗin tafin hannu da suke kira lampam. Mai gadin tafkin wani dattijo ne, Pak Osman, wanda ya shekara goma sha tara a ɗakin katako a bakin ruwan, kuma ba shi da wani muhalli bayan wannan. Shi ne ya ba Ɗelu wata kusurwa ta ajiye robobin da take kiwon kifi a ciki, ta kafa tukunyar banda, domin ba a yarda da hayaƙi a benayen haya ba.

Da aka sassauta kullen farko, sai na ɗauki al'adar zuwa tafkin kowace Asabar, ina rubuta yawan abin da masu ƙugiya suka kama. A watan Satumba na 2020, mutum goma sun kama kifi ɗari da arba'in kafin azahar. A watan Afrilu na 2021, talatin da ɗaya. Da aka buɗe gari a watan Oktoba bayan dogon kulle, mutum goma sha biyu suka wuni, suka tashi da kifi huɗu. Na rubuta wa kwamiti shafi uku, na nuna cewa wata guba ce take tasowa daga ƙasan ramin. Ba su karɓa ba. Su a ganinsu Pak Osman ne ya kwashe kifin da raga lokacin da kowa yake kulle a gida, ya sayar. Aka sa ranar Lahadi za a zauna a rumfar bakin ruwa a sallame shi.

Ranar kuwa mutane sun kai arba'in, kowa da takunkumi a fuska. Ba a buɗe taro ba sai sandar wani mai ƙugiya ta lanƙwashe kamar za ta karye. Mutum biyu suka taimaka masa, aka jawo abin kan ciyawa. Tarwada ce, baƙa ƙirin, kanta ya fi tafin hannuna faɗi. Na auna ta da kaina: santimita tamanin da huɗu. Da aka farke cikinta a gabanmu, sai ga karfasa uku da lampam guda, ɗaya ko narkewa ba ta fara yi ba. Ni kuwa na tsaya da takarduna uku a hannu, na rasa inda zan sa su.

Shugaban kwamiti ya ce su ba su taɓa zuba irin wannan kifi ba, saboda haka laifin dattijon ya zama biyu: shi ya kawo su don ya yi kiwo a ruwan jama'a. Pak Osman ya yi ta rantsuwa cewa bai sani ba.

A nan ne Ɗelu ta miƙe daga bayan mata. Da Malayancin kasuwa ta yi magana, Hadi yana fassara mini. Ta ce ranar sha bakwai ga Maris na 2020, ana gobe za a rufe gari, tana da matasan tarwada ɗari biyu da sittin a robobi. Ba su isa banda ba, ba ta da inda za ta kai su a bene na goma sha ɗaya, ba kuma wanda ya san ranar da za a sake fita. Pak Osman ya tafi layin sayen shinkafa. Sai ta jawo robobin ɗaya bayan ɗaya, ta juye su a tafki bayan la'asar. A kogin Yawuri, in ji ta, tarwada da karfasa tare suke zama, ba ta taɓa tunanin ramin ba shi da mafita ba.

Na dubi Sha'aibu, na ga gumi ya jiƙa masa takunkumi. Matarsa ta faɗa da bakinta, a gaban mutum arba'in, cewa tana sana'ar da takardarta ta hana. Waya guda ta isa a mayar da ita gida ita da 'yarsu Kausar, shi kuma karatunsa saura shekara.

“Ɗelu, kin san abin da kike faɗa kuwa?” Da Hausa ya yi maganar, a hankali. “Takardarki fa.”

“Na sani, Baban Kausar. Bari in gama.”

Aka yi ta gardama fiye da sa'a guda. Wasu suka ce a kai ƙara hukumar shige da fice a ranar. Pak Osman, wanda ɗazu ake shirin kora, shi ya roƙa mata, ya ce tausayin kifin ta ji kada yunwa ta kashe su, ba mugunta ba ce. A ƙarshe aka yanke: dattijo ya zauna a ɗakinsa, banda ta ƙare a bakin tafki har abada, kuma an ba Ɗelu wata huɗu ta fitar da abin da ta zuba, in ba haka ba a kai maganar inda ba ta so.

Abin da na gani a watannin nan ban taɓa ganin irinsa a littafi ba. Ta sari gora, ta saƙa gura takwas, wato tarkon kifi mai kama da kwando, irin na kakanta. Kowace safiya sai ta shiga ƙaramin jirgin Pak Osman, ta dubi ruwa, ta nuna wuri, a nan kuwa za a same su. 'Yan kwamitin da suka nemi a kai ta ƙara su ne suka koma tsayawa a gaɓa suna ɗaukar hoto. Ɗalibai kan tsokane ta: “Anti Ɗelu, duk wannan kifi, babu ko na tapau, mu ƙunsa mu kai gida?” Sai ta ce su je masallacin unguwa su shiga layi, domin can ake raba shi ga gidajen da annoba ta durƙusar. Ko guda ba ta kai gidanta ba, alhali na san a lokacin miyarsu ba ta ganin nama. Sha'aibu ya yi mako biyu ba ya yi mata magana, daga baya shi ne mai ɗauke mata gura a kafaɗa.

Zuwa ƙarshen Fabrairu na rubuta manyan tarwada ɗari biyu da uku, ban da 'ya'yansu da suka wuce ƙirga. Kwamiti bai kai ƙara ba. An sake zuba ƙananan kifi, kuma Asabar ɗin ƙarshe da na halarta an kama hamsin da takwas. Tafkin bai koma yadda yake ba, sana'arta ma ba ta dawo ba.

Ana jibi zan koma Kano na same ta a gaɓa tana gyaran gura. Na ce mata babu wanda ya gan ta ranar da ta juye robobin, ni kaina guba nake zargi. Me ya sa ta miƙe?

Ba ta ɗaga kai daga saƙar ba. “Baba, a gidanmu kifin da ka saka a ruwa naka ne har ya mutu. Duk abin da ya ci, kai ka ci shi. To ni na cinye musu karfasa. Ta yaya zan zauna a kan kujera ina kallo a kori tsoho a kan abin da yake cikina?”