Hajiya da Gogen Turawa

A shekarata ta biyu a Alƙahira na gano cewa wurin da ya fi ko'ina sanyi a garin shi ne zauren da ake haska opera a majigi. Ba son waƙar ne ya kai ni ba, kada in yi ƙarya. Zafi ne ya koro ni daga ɗakinmu na Hay el-Sabi', inda fanka ɗaya take yi wa ɗalibai huɗu hidima, tana juyi kamar an yi mata dole. Sai in miƙe a kujera mai laushi, wata ƙatuwar baturiya tana ta kwarara ihu da yaren da ban sani ba, ni kuwa ina bitar nahawu a zuci, wani lokacin har in yi gyangyaɗi.

Wadda ta nuna mini wurin ƙawata ce, Bahaushiyar Sudan, tana zaune a Ainu Shams ita da mahaifiyarta. A jirgin ƙasan metro muka haɗu, ta ji ina masifa da Hausa don an taka mini ƙafa, ta yi ta dariya har muka sauka. Karatun kiɗa take yi, abin da take kaɗawa kuma kamanja, wato gogen Turawa da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Duk inda muka bi ta ga an manna sanarwar kaɗe-kaɗen wata mai zuwa, sai ta tsaya ta karanta tun daga sama har ƙasa, ni ina jan mayafinta.

Wata rana sanarwar ta zama tata. An ɗauke ta cikin wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa, za su yi wasa a wani zaure kusa da Abbasiya, har an ba ta wani guri da za ta kaɗa ita kaɗai. In ta yi kyau, kujerar ta zama tata. Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarta.

Hajiya lalle take zana wa amare, don haka babu irin makaɗin da ba ta gani ba a gidajen biki. Ta yarda da karatun ne bisa tunanin koyarwa 'yarta za ta yi a makarantar yara. Amma ta hau dandamali maza suna kallo, wannan kam a'a. Na je roƙo, na tarar tana kwaɓa lalle, ɗakin duk ƙamshin turaren wuta.

"Hajiya, wannan ba irin wanda kika sani ba ne, na Turawa ne," na ce.

"'Yata, goge goge ne. Inda aka goga shi, ko 'yan bori ko 'yan giya. Kakata ta faɗa mini, ni ma na gani."

Ni ma abin da na taso ina ji a Katsina ke nan. Ƙawata ta zauna a bakin gado ta yi tagumi. Da Hajiya ta gaji da ganinmu, ta ce, "Khalas, shi ke nan. Zan je sau ɗaya in gani da idona. In na ga abin da bai yi mini ba, a mayar wa masu goge gogensu." Aka ɗora mini aikin rakiya.

Shekarar dokar hana fita da dare ce, saboda haka an dawo da wasan bayan la'asar. Hajiya ta naɗo lifayarta mai ruwan goro, ta zuba awarwaro, ta fito da fuskar mai zuwa kama ɓarawo. A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, ta yi ta jero mini abin da za ta duba: ko ana shan wani abu, ko ana rawa, ko maza suna hawa su yi wa 'yan mata liƙi a goshi. Na ce ko ɗaya ba za ta gani ba. Ta ce haka kowa yake cewa.

Muka shiga, ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iska. Ba ta ji komai ba sai sanyi. Tsofaffin Misirawa ne suka fi yawa, maza da kwat, mata da gilashi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Makaɗan suka fito cikin baƙaƙen kaya, ƙawata a cikinsu da doguwar riga har ƙasa da ɗankwalinta. Hajiya ta ƙare mata kallo, ba ta ga aibu ba, sai ta gyara zama. Da shugaban makaɗan ya fito da 'yar siririyar sandarsa, ta raɗa mini, "Shi wannan me yake kaɗawa?" Na ce ba komai. Ta ce, "To, ya huta."

Abin da na manta ban gaya mata ba shi ne al'adar wurin. Kiɗan kashi-kashi ne, kuma ba a tafi tsakanin kashi da kashi, sai an kai ƙarshe duka. Ni kaina sai da wani dattijo ya taɓa hararata kafin na koya.

A kashi na biyu, mai tafiya a hankali, sauran makaɗan suka sassauta, ƙawata ta ɗaga bakan gogenta ta fara. Na sha jin tana gwaji a ɗaki har ya ishe ni, amma ban taɓa jin ta haka ba. Sautin ya fito siriri, ya yi sama, ya dawo kamar mai lallashin yaro. Tsigar jikina ta tashi, na ji kewar gida ta kama ni ba dalili. Na saci kallon Hajiya, na ga ta daina jan carbi, bakinta a ɗan buɗe.

Kashin ya ƙare. Zauren ya yi tsit, sai tari nan da can.

Hajiya ta duba dama, ta duba hagu, ta waiwaya baya. Ta damƙi hannuna har awarwaronta ya shige mini fata.

"Kuskure ta yi?"

"A'a, Hajiya, ai ba a tafi yanzu, sai an gama."

"Kada ki rufe ni. Da mai sandan nan ya fito, bai yi komai ba suka tafa masa. Ita ta yi wannan duka, ko motsi babu. Don baƙa ce?"

Tambayar ta soke ni, don na san abin da ta sha gani a titi da gidajen da take zuwa aiki. A duniyar Hajiya kuma, makaɗin da ya gama kiɗa aka yi masa shiru an tozarta shi ne. Kafin in haɗa amsa ta miƙe tsaye, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.

Guɗa ce ta gwanaye, doguwa, ta cika zauren har rufi. Mai sanda ya riga ya ɗaga hannu zai shiga kashi na uku, hannun ya tsaya a sama. Ni kuwa na nutse cikin kujera ina fatan ƙasa ta tsage. Ƙawata ta sunkuyar da kai, ban san ko dariya take yi ko kuka ba. Wata tsohuwa a gabanmu ta juyo, na shirya mata baƙar magana a bakina, sai na ga murmushi take yi. Ita ta fara tafi, wasu suka bi ta. Mai sanda ya juyo, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna wa Hajiya, sannan ya ci gaba da aikinsa. Hajiya ta zauna tana huci, ta gyara lifaya.

Da aka kai ƙarshe zauren ya ɗauki tafi, aka sa ƙawata ta miƙe ita kaɗai. Na zunguri Hajiya na ce, "Kin gani?" Ta ce, "Sai da aka nuna musu."

A waje muka jira, rana ta kusa faɗuwa, masu motoci suna ta sauri. Ƙawata ta fito rungume da akwatin gogenta kamar za a ƙwace mata, ta tsaya nesa kaɗan tana jiran hukunci.

"Yumma," ta kira mahaifiyarta da Larabcinsu na Sudan.

Hajiya ta dube ta, fuska a ɗaure. "Mutanen nan ba su san ya kamata ba. Ba zan bar ki ke kaɗai a hannunsu ba. Yaushe ne na gaba?"

Hawaye suka zubo wa ƙawata. Hajiya ta karɓi akwatin daga hannunta, ta saɓa a kafaɗa, ta ce yalla, maza mu nemi mota kafin a rufe hanya.