Eriya Ssenkubuge Ya Daina Liƙe Injinansa

Eriya Ssenkubuge shekararsa sittin da uku, kuma shi ne mafi daɗewa cikin masu walda na layinsu a Katwe, unguwar maƙera da ke babban birni. Injin ɓare gyaɗa yake ƙerawa. Yana da ma'aikata shida, da rumfar kwano, da wani labulen tamfol da ya fi injin suna.

Bayan labulen nan yake haɗa kayan cikin injin, shi kaɗai. In ya gama sai ya ɗora murfi ya bi shi da walda ta kowane gefe, ko noti ɗaya babu. Dalilinsa, in ji shi, a Katwe in ka ƙera abu da safe, kafin rana ta take za ka gan shi a rumfar maƙwabci da sabon fenti. Bai yi wa kowa sharri ba. Shi ma injinsa na farko na wani ya kwance ya kwaikwaya, sai dai ba ya son a tayar da zancen.

Maƙwabciyarsa Nnaalongo Namutebi (Nnaalongo laƙabin uwar tagwaye ne), mai ƙera murhu, a bakin titi take aikinta, kuma duk wanda ya tsaya sai ya sa mata baki. Kullum da safe takan leƙo rumfarsa, tana kiransa Mzee, wato dattijo.

"Mzee, amaryar tana ciki? Har yanzu ba ta isa a ganta ba?"

"Ki ji da murhunki, uwar tagwaye, wanda ko ɗan acaɓa sai ya koya miki gyaransa."

"Yana koya mini, ina kuma sayarwa."

Bara, gab da kaka, Madam Amongin ta iso daga garin Soroti mai nisa da injinansa biyu a bayan mota. Ita ce shugabar ƙungiyar mata manoma da ta fi kowa sayen kayansa. Ta ce sun koma shuka gyaɗa mai ƙananan ƙwaya, injin kuma farfasa ta yake yi, ba mai sayenta a matsayin iri. In ba a gyara ba kafin a cire gyaɗa, za su koma wajen wani, sauran ƙungiyoyi kuma su suke bi. Ssenkubuge ya san in hakan ta faru sai ya sallami ma'aikatansa.

"Wancan na biyun dai ba ya fasawa," in ji ta. "Okiror, mai gyaran keke a ƙauyenmu, ya ɗan taɓa shi."

Ɗan taɓawar ita ce Okiror ya yanke murfin da kurfi da guduma. Ssenkubuge ya dubi yankan kamar ɗansa aka yi wa rauni. Ko leƙawa ciki bai yi ba. Ya sa aka ja injin aka yar a bakin titi, ya shige bayan labule da ɗayan.

Makonni yana ciki. Ya rage gudun injin, ya canja rariya, ya goge haƙoran ƙarfen. Gyaɗa dai na fitowa a farfashe. Ma'aikatansa sun ce ba su taɓa cin miyar gyaɗa kamar ta lokacin ba.

A waje kuwa injin da aka yar ya zama majalisa. Namutebi ce ta fara leƙawa, ta ga Okiror ya cire haƙoran ƙarfen ya ɗaura yankakkiyar tsohuwar taya. Wani bakanike ya ce tayar babur za ta fi taushi, ya kawo. Wata mai soya gyaɗa ta tambaya me ya hana a yi rariyar da za a zare a sa wata, tunda ƙwaya ba girmanta ɗaya ba. Namutebi ta yi mata hanyar zarewa. Da suka zuba gyaɗa suka kunna, ƙarar ce ta fito da Ssenkubuge. Ya ɗebi ƙwayar ya juya ta a tafin hannu, ya daɗe yana neman fasasshiya.

"Wa ya ba ku izini?"

"Shara ce, Mzee. Kai ka zubar."

"Aikin ba tsafta."

"To tsaftace shi mana, ai kai ne gwani."

Ya tsaftace ɗin. Sabbin injinan sun isa Soroti kafin a cire gyaɗa, murfinsu ɗaure da noti, Amongin kuma ba ta je wajen kowa ba. Kafin wata ya ƙare maƙwabta uku sun kwaikwaya, kamar yadda ya daɗe yana faɗa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya tuna masa cewa ya faɗa. Labulen na nan. Bayansa yake cin ayabarsa da rana, don kada Namutebi ta sa hannu.

Makon jiya ya hau motar Soroti da sifana a aljihu. Ya ce ziyara ce kawai. Amongin ta ce ko ruwa bai sha ba ya fara kwance murafan injinan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ina Okiror ya sake ɓata masa.