Tsohon Da Ke Yi Wa Awakinsa Japananci

Wata rana, a wata unguwa a Gusau, maƙwabta suka lura Malam Barau, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, ya fara magana shi kaɗai.

Yana shara yana magana. Yana ba awaki dusa yana magana. Ba Hausa ba, ba Larabci ba.

Har an fara cigiyar mai ruƙiyya.

Ashe ɗansa ne ke aiki a Japan, can aka haifi jikarsa Nabila. Shekararta biyar, Hausarta duka "sannu" ce.

Duk Asabar ana kiransa ta bidiyo. Ya washe baki ya ce, "Amaryata, yaushe za ki tare?" Yarinya ta dube shi kamar mai karanta labarai a talabijin, ta ɓuya bayan uwarta. Uban ya fassara. Wasan kaka da jika kuwa ba ya son tafinta. Kafin ya isa ya huce.

Jikokinsa na gida kullum suna ce masa ya tsufa, ba sa aurensa. Ita wannan ko ƙin sa ba ta taɓa yi ba. Abin da ke cin sa ke nan.

Sai ya sa aka ɗora masa darasin Japananci a waya. Da ya kai inda ake faɗin abin da mutum ke cikin yi, malamar darasin ta ce duk aikin da kake yi, ka faɗe shi da baki. Malam Barau bai saba yin aiki rabi ba.

Tabete imasu, ina cin abinci.
Aruite imasu, ina tafiya.

Awaki dai ba su yi ƙorafi ba.

A majalisa amininsa Alhaji Mudi ya tare shi.

"Barau, da furfurarka? A kabari da Japananci za a yi maka tambaya? Ai ita ya kamata ta koyi Hausa."

"Gaskiyarka, Alhaji. Sai ka jira ta koya. Ni shekaruna saba'in da ɗaya, ba su da wannan haƙurin."

Ya kaɗe rigarsa ya tafi, yana sanar da titi da Japananci cewa yana tafiya.

Bayan wata huɗu, ranar wata Asabar, ya gyara hula, ya dubi waya, ya jero jimlar da ya yi mako uku yana haddacewa: amaryata, matte imasu. Ina jiran ki.

Nabila ta leƙo. Ta yamutsa fuska. Ta yi magana da ƙarfi.

Uban ya buɗe baki zai fassara, tsohon ya ɗaga hannu.

"Bari, na ji da kunnena. Ta ce ba ta so, na tsufa."

Ba a taɓa ƙin mutum ya yi murna haka ba.

Darasi: Masu cewa lokacinka ya wuce ba su da wanda suke son yi wa magana a wancan gefen wayar. Ka bar su da majalisarsu, ka ci gaba da haddarka.

Tura wa wani dattijon da ake yi wa dariya don ya koma ɗalibi.